Ta yaya zan gane likitan tiyatar kwalliya ƙwararre ne?

Tambaya: Haihuwata uku, cikina ya saki, fatar ta zubo, duk motsa jikin da na yi bai mayar da ita ba. Na yanke shawarar yin tiyatar gyaran ciki tare da zuƙe kitse. Akwai wani likita da na daɗe ina bibiyar shafinsa a Instagram, hotunan aikinsa suna da kyau, mabiyansa kuma ba iyaka. Sakatariyarsa ta ce in na biya kafin alƙalami a wannan makon za a yi mini rangwame, har a mayar mini da kitsen a mazaunai lokaci guda. Ta yaya zan tabbatar ƙwararre ne kafin in miƙa masa jikina?

Amsa: Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Duk abubuwan da kika lissafa, hotuna da yawan mabiya da rangwame, ta hannun likitan suka fito, shi ya zaɓi wanda za ki gani. Shaidar da ake nema ita ce wadda ba ta bi ta hannunsa ba, kuma ana iya samun ta cikin kwanaki kaɗan.

Fara da sanin inda giɓin yake. A ƙasashe da dama, lasisin likita bai ƙayyade wa mai shi irin tiyatar da zai yi ba. Wanda ya gama makarantar likitanci zai iya zuwa kwas na kwana uku ko mako biyu a kan zuƙe kitse, ya dawo ya buɗe wuri, ya rubuta "likitan kwalliya" a allo, kuma bai karya doka ba. Shi kuwa ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki, bayan digirin likita sai ya ƙara kamar shekara shida ko fiye yana aiki a ƙarƙashin manya a asibitin koyarwa. Yana gyara waɗanda wuta ta ƙona, yana ɗinke leɓen jariran da aka haifa da tsaga, yana sake gina nonon da aka cire saboda sankara, yana haɗa jijiyoyin hannun da inji ya datse. A can yake koyon wace fata ce za ta rayu in an ɗaga ta, wacce za ta mutu, da abin da ake yi in jini ya ƙi tsayawa. Gajeren kwas yana koyar da aikin ranar da komai ya tafi daidai. Waɗancan shekarun su ne tanadin ranar da abu ya rikice a kan gado, kuma saboda ranar ne kike wannan binciken.

Nemi abu biyu daga ofishinsa a rubuce: cikakken sunansa kamar yadda yake a takardunsa, da lambar rajistarsa a hukumar da ke kula da likitoci a ƙasar da za a yi aikin. Sunan shafin Instagram ba ya cikin kowace rajista. Da waɗannan biyun sai ki je wajen hukumar da kanki, ta shafinta na intanet ko ta wasiƙa, ki duba ko lasisinsa na aiki a wannan shekarar, ko an rubuta shi a matsayin ƙwararre kuma a wane fanni, sannan ko an taɓa dakatar da shi ko gindaya masa sharaɗi. A Birtaniya rajistar hukumar GMC a buɗe take ga kowa, kuma abin dubawa shi ne ko sunansa na cikin jerin ƙwararru a fannin tiyatar gyaran jiki. A Faransa Ordre des médecins ke riƙe da jerin, a Ostareliya Ahpra, a Nijeriya MDCN. A Amurka kowace jiha tana da hukumar lasisinta, shaidar ƙwarewa kuma daga wata hukuma daban take fitowa. In ofishin ya fara kwana-kwana a kan lambar rajista, kin sami amsarki tun a nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A Amurkar nan akwai misalin da ya kamata kowa ya sani, domin irinsa na faruwa ko'ina. American Board of Plastic Surgery na cikin hukumomi 24 da ABMS, babbar majalisar hukumomin ƙwarewar likitoci ta Amurka, ta amince da su, tana buƙatar horon tiyata na aƙalla shekara shida da jarrabawar rubutu da ta baki. Akwai kuma American Board of Cosmetic Surgery, kalma ɗaya ce ta raba sunayen, amma ita ba ta cikin waɗannan 24. Likitoci biyu za su iya ce miki "ina da shaidar hukuma", kowanne gaskiya ya faɗa, alhali hanyar da suka biyo ta sha bamban. Kullum ki tambaya wace hukuma ce, sannan ki bincika hukumar ita kanta.

Haruffan da ake jerawa bayan suna ma suna buƙatar karatu. MBBS ko MD digirin likita ne kawai, kowane likita na da shi. FACS ta Amurka da FWACS ta Afirka ta Yamma shaida ce ta gaske ta cewa mutum ya ƙware a tiyata, sai dai likitan ƙashi da likitan mafitsara su ma suna ɗauke da su, haruffan kaɗai ba sa faɗin fanni. Sai kin tambaya a wane fanni aka ba shi, kin kuma tabbatar daga kwalejin da ta bayar. A Birtaniya ta fannin gyaran jiki ana rubuta ta FRCS tare da "Plast" a gefe. Takardun da aka rataye a bango cikin firam mai ruwan zinare, karanta su da kyau. Da yawa shaidar halartar taro ce ko kwas ɗin da kamfanin sayar da na'ura ya shirya. Haka ƙungiyoyi: wasu ana shiga da biyan kuɗin shekara kawai, wasu kamar ISAPS ta duniya sai wanda ƙasarsa ta amince da shi a matsayin ƙwararren likitan gyaran jiki. Tambarin ƙungiya a shafin likita kowa zai iya kwafowa, don haka ki nemi sunansa a jerin mambobin da ke shafin ƙungiyar.

A yi adalci a nan. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro da ya yi ƙarin horo zai iya zama gwani a gyaran hanci, likitan ido da ya ƙware a fatar ido zai iya fin kowa a wannan yankin. Abin dubawa shi ne horonsa ya dace da sashen jikin da zai taɓa. Aikinki na ciki ne, ana ɗaga fata daga mara har zuwa ƙasan haƙarƙari, a ɗinke naman ciki da juna biyu ya ware, a sake wa cibiya mafita, a yanke rarar fata. Wannan aikin likitan gyaran jiki ne cikakke.

Akwai tambaya guda da take tace mutane sosai: "Wane babban asibiti ne ya ba ka izinin yin wannan tiyatar a ɗakin tiyatarsa?" Babban asibiti ba ya barin likita ya yi aiki a cikinsa sai kwamitin takwarorinsa ya duba takardunsa da tarihinsa. Likitan da ba shi da irin wannan izini ko'ina, sai a wurin da ya mallaka, ba wanda ya tantance shi sai shi kansa. Kuma in matsala ta taso aka garzaya da ke asibiti, ba zai iya bin ki ya ci gaba da kula da ke ba, za ki faɗa hannun waɗanda ba su san abin da aka yi miki ba. In ya ambaci asibiti, kira asibitin ki tambaya.

Daga likita sai wuri, kuma nan ne mutane suka fi sakaci alhali nan rai yake. Wurin yana da rajistar yin tiyata daga hukumar lafiya? Nemi ki ga ɗakin tiyatar da ɗakin farfaɗowa da idonki. Wa zai sa ki barci? Ki nemi sunansa shi ma ki duba rajistarsa. Dole ya kasance mutum ne daban wanda aikinsa kaɗai kenan daga farko har ƙarshe. Likitan da ya ce shi zai ba da maganin barci shi zai yi fiɗa, ko ya ce "ai barcin sama-sama ne", a babban aiki irin naki, tashi ki bar wurin. A ɗakin ya kamata a sami na'urar auna iskar oksijin a jini, da ta bugun zuciya da hawan jini, da wadda ke auna iskar da kike fitarwa, domin ita ce ke fara nuna numfashi ya tsaya. A sami na'urar farfaɗo da zuciya, da oksijin na ajiya, da wutar da ba ta ɗaukewa. Tambayi inda za a samo jini in an buƙaci ƙari, da asibitin da za a kai ki in abu ya fi ƙarfinsu, da minti nawa ne tsakani. Tambayi kuma ko suna bin jerin dubawa na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda ake karantawa da baki kafin barci, kafin yanka, da kafin a fitar da majiyyaci. Tsafta ma haka: a 2023 an sami ɓarkewar sanƙarau mai tsanani a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar kashe zafi ta baya a wasu asibitocin kwalliya biyu a Matamoros ta ƙasar Meziko, kuma an rasa rayuka. Ba hannun mai fiɗa ne ya jawo wannan ba, wurin ne da kayansa.

Zuƙe kitse yana da ƙididdiga da ƙwararre zai faɗa miki ba tare da ya duba takarda ba. In abin da za a zuƙe, kitse da ruwa gaba ɗaya, ya kai lita 5, ana ɗaukar sa babban aiki, ya kamata a yi shi a wurin da za a kwantar da ke a sa miki ido har wayewar gari. Kafin zuƙar ana ɗura ruwa mai yawa a ƙarƙashin fata, gauraye da maganin kashe zafi lidokain da adirenalin. Ana lissafa lidokain da nauyin jiki, abin da aka saba kiyayewa miligiram 35 ne a kowane kilo, wasu kan kai 55. Haɗarinsa shi ne a hankali yake shiga jini, sai bayan kamar awa 12 yake kai ƙololuwa, lokacin da wadda aka sallama take gida ko ɗakin otal. Alamomin ya yi yawa a jini su ne leɓe ya mutu, a ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne ya riƙa ƙara, daga nan jijjiga, zuciya ta rikice. Maganinsa wani farin ruwan mai ne da ake sawa ta jijiya, Intralipid mai kashi 20 cikin ɗari. Tambaye shi ko suna ajiye shi. Wanda ya san aikin zai gane dalilin tambayar nan take.

Yanzu batun mayar da kitse a mazaunai, wanda ake kira BBL. Wannan tayin shi ya fi damun mu a cikin wasiƙarki. A cikin naman mazaunai da ƙarƙashinsa akwai manyan jijiyoyin jini. In bakin ƙarfen da ake ɗura kitsen da shi ya nutsa ya yaga ɗaya, kitse ya bi jini ya toshe zuciya da huhu, sau da yawa mutum kan rasu a kan gadon ko cikin awanni kaɗan. A 2018 ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki suka fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa, suka kiyasta mutuwar mutum 1 a cikin 3,000, mafi muni a duk tiyatar kwalliya. Jihar Fulorida ta Amurka ta hana ɗura kitse a cikin naman a 2019, a 2022 ta wajabta amfani da na'urar sikanin don likita ya riƙa ganin bakin ƙarfen yana aiki. Ƙa'idar yau ita ce a tsaya a ƙarƙashin fata kawai. Tambaye shi a wane zurfi yake zuba kitsen, da me yake ganin inda ƙarfen yake, kuma mutum nawa yake yi wa a rana. Bayan haka, haɗa shi da gyaran ciki yana da tasa wahalar: mai gyaran ciki ba ta kwanciya rub da ciki, mai BBL an hana ta zama da kwanciya a kan mazaunai na makonni. Ga tsawon aiki, wanda in ya haura awa shida haɗarin faɗuwar ɗumin jiki da zubar jini da gudan jini yake ƙaruwa. Likitan da ya bar sakatariya tana ba da irin wannan aiki a matsayin ƙari kamar gyaran kasuwa bai ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba.

Zaman farko da likita jarrabawa ce, kuma abin da ya tambaye ki ya fi abin da ya faɗa miki nuna ko wane ne. Da farko, shi da kansa ya kamata ya gan ki, ba mai tallan ofis ba. Hukumar GMC tun 2016 ta ce likitan da zai yi aikin shi ne zai nemi amincewar majiyyaci da kansa. Zai tambayi ko kin gama haihuwa, domin sabon ciki kan warware ɗinkin, da ko nauyinki ya tsaya wuri guda na watanni. Zai tambayi hawan jini, ciwon suga, sikila, ƙarancin jini, magungunan da kike sha har da na gargajiya, da ko ke ko wani naki ya taɓa samun gudan jini ko matsala da maganin barci. Zai kwantar da ke ya danna cikin, ya sa ki ɗaga kai don ya ji faɗin warewar naman, ya laluba cibiya da tsohon tabon tiyatar haihuwa ko akwai ɓular da hanji ke leƙowa, domin ta irin wannan wurin ƙarfen zuƙe kitse ke huda hanji. Zai dubi tsofaffin tabonki da hujin kunnenki, saboda masu baƙar fata sun fi samun tabo mai kumbura ya yi tudu, kuma yankan gyaran ciki daga ƙugu zuwa ƙugu yake. In kina shan sigari ko shisha zai ce ki daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki, domin nikotin na matse ƙananan jijiyoyi, fatar da ke saman ɗinki ta yi baƙi ta mutu. Likitan da ya sa miki rana ta hotunan da kika tura a waya bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Gyaran ciki na cikin ayyukan kwalliya da suka fi jawo gudan jini a ƙafa, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Ki ce masa, "Yaya kake kare majiyyatanka daga gudan jini?" Amsa mai kyau za ta ƙunshi auna haɗarinki da ma'auni irin na Caprini, safa mai matse ƙafa, na'urar da ke matsa ƙwauri lokacin aiki, tayar da ke ki taka tun ranar farko, da allurar tsinka jini ga wadda ta cancanta. In kina shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, a kan ce a dakata da ita mako huɗu kafin babban aiki, a koma wata hanyar. Sai ki bi da waɗannan: sau nawa ka yi wannan aikin a shekarar da ta wuce, mutum nawa ruwa ya taru musu a ƙarƙashin fata, nawa ɗinkinsu ya buɗe, nawa ka mayar ɗakin tiyata? Mai gaskiya yana da amsa, domin duk wanda ya yi aiki da yawa ya gamu da matsala. Wanda ya ce bai taɓa samu ba, ko dai bai yi da yawa ba, ko ba ya bibiyar mutanensa, ko yana ɓoyewa. Kuma likitan da zai iya ce miki "wannan ba zan yi miki ba" ya fi wanda komai kika roƙa ya ce to.

Hotuna kuwa, kada su ɗauke miki hankali da yawa. Hoton da aka ɗauka majiyyaciya na kwance a gadon tiyata, fata a miƙe ana sheƙi da mai, bai nuna komai ba. Nemi na bayan wata shida zuwa shekara, a tsaye, haske ɗaya, kusurwa ɗaya, tabon a bayyane, na mata masu jiki da launin fata irin naki. Ki saka biyu ko uku a manhajar neman asalin hoto, wani lokaci a kan tarar da su a shafin wani likitan a wata nahiya.

Tabbatar kuma a rubuce cewa wanda kika tantance shi zai riƙe wuƙar. Ana samun wuraren da sanannen likita ke ganawa da mutum, in barci ya ɗauke shi wani ya karɓi aikin. Abin ya yi ƙamari a Koriya ta Kudu har aka yi dokar sa kyamara a ɗakunan tiyata, ta fara aiki a 2023. Takardar amincewa ta ƙunshi sunan mai fiɗa, sunan aikin dalla-dalla, da haɗarinsa, kuma a ba ki ita ki tafi da ita gida ki karanta, ba a miƙo miki da safiyar aiki kina cikin rigar asibiti ba. Ga masu shirin ƙara girman nono, ku nemi katin da ke ɗauke da sunan kamfanin silikon da lambarsa. Lokacin da aka gano a 2010 cewa kamfanin PIP na Faransa ya yi amfani da silikon na masana'antu, da lokacin da aka janye samfurin Biocell na Allergan a 2019 saboda alaƙarsa da wani nau'in sankara, mata da yawa ba su san abin da ke jikinsu ba.

Rangwamen "wannan makon" ya saɓa wa abin da masu tsara wannan sana'a suke so. Dokar Faransa ta wajabta kwana 15 tsakanin ba da takardar farashi da yin aikin. Ostareliya ta sa aƙalla kwana bakwai bayan sa hannu, likitocin fiɗa na Birtaniya kuma suna ba da shawarar mako biyu. An sanya wannan jinkirin ne don mutum ya yi tunani ba tare da matsi ba. Yi amfani da shi ki ga likita na biyu, ko na uku, ki kwatanta abin da suka ce. Takardar farashi ta fayyace kuɗin mai fiɗa, na mai sa barci, na ɗaki, na kwana, na dawowa duba, da wanda zai biya in an sake aiki. Tambayi ko yana da inshorar da ke biyan diyya in an yi kuskure. Araha ba ta ado, kuma abin da ake ragewa don farashi ya sauka yawanci shi ne abin da ba za ki gani ba: ƙwararren mai sa barci, nas ɗin dare, kwanan asibiti.

In wata ƙasa za ki je, duk wannan binciken a hukumomin can za ki yi shi, kuma ɗan kamashon da ya haɗa ku ba shaida ba ne. Kada ki hau jirgi kafin kwana bakwai zuwa goma bayan gyaran ciki, dogon zama na ƙara haɗarin gudan jini. Wasu ƙwayoyin cuta ma sai bayan makonni suke fitowa a matsayin ƙuraje masu ruwa a bakin ɗinki, suna ɗaukar watanni ana magani. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin ki tashi ki sami likitan da ya yarda zai karɓe ki in kin dawo, ki kuma taho da rahoton tiyatar a rubuce.

Tambaya ta ƙarshe da za ki yi masa ita ce wa zai ɗauki waya da ƙarfe biyun dare. Ki karɓi lambar, ki san ko likita ne ko nas, da asibitin da za ki nufa. Ya faɗa miki ranar da za a cire robar da ke fitar da ruwa, da ranakun dawowa duba har zuwa shekara. Ya rubuta miki alamomin da ba a jira da su gari ya waye: numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, kumburi da zafi a ƙwauri ɗaya, ciki ya kumbura ya yi tauri cikin ɗan lokaci, jiri da bugun zuciya da sauri, zazzaɓi daga digiri 38, ciwon ciki mai ƙaruwa tare da amai, ko fatar da ke saman ɗinki ta fara duhu. Wanda zai yi jinyarki a gida shi ma ya karanta wannan takardar kafin ranar aikin.